Hajiya Tabawa Majo da Neman Uwar Ƙasimu

Haihuwa da asali

An haifi Hajiya Ramlatu Yakuba, wadda mutanen unguwar Talaje suka fi sani da Tabawa Majo, ranar Laraba 14 ga watan Maris na shekarar 1962, a unguwar Zongo ta birnin Yamai. Mahaifinta, Malam Yakuba, tela ne mutumin Birnin Ƙonni wanda ya zo cin rani da keken ɗinkinsa, ya samu rumfa a Babbar Kasuwa, ranin kuwa bai ƙare masa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Mahaifiyarta, Malama Yelwa, ita ma daga can Ƙonni aka ɗauko ta, mace ce mai yawan kunya da ƙarancin magana. A shekarar 1971 iyalin suka tashi daga Zongo suka koma Talaje, inda marigayiyar ta zauna har ƙarshen rayuwarta.

Ramlatu ita ce ƴar fari a gidan. Bisa al'adar da Malama Yelwa ta tashi a cikinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kuma nuna ta damu da shi ko da zuciyarta tana tafasa. Saboda haka Yelwa ba ta taɓa furta sunan Ramlatu ba. Kakarta ce ta laƙaba mata Tabawa saboda ranar da aka haife ta, uwar kuwa ko wannan ba ta cika faɗa ba, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”. Marigayiyar ta sha gaya wa ƴaƴanta cewa tana ƙarama takan ɓuya a bayan randa da gangan, ko uwar za ta gaji da nema ta kira ta da suna, sai ta ji uwar tana ce wa ƙanenta ya je ya nemo yayarsa.

Karatu

An sa ta lakkwal, wato makarantar boko, a shekarar 1969, bayan ta riga ta fara karatun allo a wajen wani malami maƙwabcinsu, ta kuma haɗa biyun har ta sauke Alƙur'ani mai girma a 1976. Ta ci satifika, jarrabawar gama firamare, a 1975, ta ci birebe, ta gama ƙaramar sakandare, a 1979, a shekarar nan kuma ta shiga makarantar koyon aikin lafiya, ta fito a 1982 da shaidar ma'aikaciyar jinya. Abokan karatunta sun shaide ta da saurin hannu wajen samun jijiyar yaro, da kuma saurin baki, domin Tabawa ba ta iya ganin abu ta haɗiye ba. Ban da Hausa da Faransanci, ta ji Zabarmanci kamar ƴar gida, ta kuma tsinci Fulatancin da ya isa a tambayi mara lafiya inda yake masa ciwo. A shekarar da ta gama karatu ne gobara ta cinye Babbar Kasuwa har da rumfar mahaifinta, ya dawo da ɗinki zauren gida, nauyin iyali ya koma wuyanta.

Fara aiki

A watan Oktoba na 1982 aka tura ta ɗakin yara na wani asibiti a cikin Yamai. Ba a ambaci sunan asibitin a nan ba domin ita ce ta hana. Takan ce bango ba ya kuskure, kuma abin da ya faru a can yana iya faruwa a kowane ɗakin jinya. Wanda ya san ɗakin yara da damina a wancan zamani ya san abin da ake nufi: zazzaɓin sauro ya cika ɗaki, yara biyu a gado ɗaya kai da ƙafa, takardunsu biyu rataye a ƙarfe ɗaya, iyaye mata kuma a tabarmi a gindin gadaje. Ta yi shekara huɗu a haka ba a taɓa kama ta da wani laifi ba.

Ranar 21 ga Agusta, 1986

Ranar Alhamis ce, kwanaki kaɗan bayan Sallar Layya. Rabin ma'aikata ba su dawo daga hutu ba, aka bar Tabawa da wata ma'aikaciya guda a kan yara sittin da huɗu. A gado na tara akwai yara maza biyu sa'o'in juna, kowanne ɗan shekara uku da ƴan watanni, kowanne zazzaɓi ya shanye masa jini, kowanne kuma ana jiran a kawo masa jini daga ɗakin gwaji. Ɗaya sunansa Nasiru, ɗayan Ƙasimu. Uwar Ƙasimu, Hadiyya, ƴar shekara ashirin da biyu ce, mutumiyar ƙasar Dogondutse, mijinta ɗan dako ne a kasuwar Lazare, Ƙasimu kuma shi ne ɗanta na fari. Tun da aka kwantar da yaron, gwaggonsa, yayar mijin, ita ke magana da ma'aikata.

Da azahar jinin Nasiru ya iso. Uwar Nasiru ta tafi famfo wanke zane, gwaggo ta fita salla, aka bar Hadiyya ita kaɗai a gindin gado, ta ɗan ba yaran baya kamar yadda uwar ɗan fari take zama. Tabawa ta tambaye ta sunan ɗanta. Hadiyya ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaron nan ne,” ta nuna shi da haɓa. Tabawa ta ce, “Shi ne Nasiru?” Hadiyya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, domin ta san in ta ce a'a, tambayar da za ta biyo baya ita ce to mene ne sunansa. A daidai lokacin ana ƙwala wa Tabawa kira daga ƙarshen ɗaki inda wani yaro yake jijjiga. Ta ɗauki shirun a matsayin amsa, ta ɗaura wa Ƙasimu jinin Nasiru, ta ruga.

Ba a yi rabin sa'a ba yaron ya kama rawar ɗari. Hadiyya ta gani, ta tashi ta je ƙofar ɗakin ma'aikata, ta daɗe a tsaye kafin ta ce yaron nan yana makyarkyata, aka ce mata duk yaran ɗakin haka suke, zazzaɓi ne. Ta koma, ta sake dawowa, aka maimaita mata amsar. Sai da gwaggo ta dawo ta ɗaga murya ta ambaci sunan yaron, sannan aka duba ledar jinin aka ga abin da aka yi. Ƙasimu ya rasu washegari da hantsi. Nasiru kuwa an samo masa wani jinin, ya warke.

Abin da ya ci ran marigayiyar har ta mutu shi ne ta san al'adar nan sarai. Ita ce ƴar farin da ke ɓuya a bayan randa. Ta sha faɗa cewa da ta tsaya na numfashi ɗaya ta dubi yadda matar ta ja mayafi, da ta gane, domin haka Yelwa take jan nata.

Bincike na farko

Ranar Litinin 25 ga Agusta mutum uku suka zauna a biro, wato ofis: mataimakin shugaban asibiti, likitan ɗakin yara, da mai kula da ma'aikata. Sun fara da hantsi, sun gama kafin azahar, duka cikin Faransanci. Ba su kira Hadiyya ba, ba su kira gwaggo ba. Rahotonsu shafi ɗaya da rabi ne, kuma ya ce mahaifiyar yaron ta kasa faɗin sunan ɗanta, ta tabbatar wa ma'aikaciya sunan da ba nasa ba, ba ta kuma nuna damuwa ba sa'ad da ciwon ya tsananta. Ba ta nuna damuwa ba! Mutum uku, dukansu ƴaƴan ƙasar nan, babu wanda bai san kunyar ɗan fari a cikinsu ba, amma da suka ɗauki alƙalami sai suka manta da gidajen da suka fito. Aka miƙa wa Tabawa takardar aka ce ta sa hannu ta tsira da aikinta. Shekararta ashirin da huɗu, ita ke ɗauke da gidansu, tsoro kuma ya kama ta. Ta karanta, ta san ƙarya ce, ta sa hannu.

Mijin Hadiyya kaɗai aka kira, aka fassara masa hukuncin a tsaye a baranda, a taƙaice, cewa matarsa ce ta ce ɗansu shi ne Nasiru. Ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya juya ya tafi. Tabawa ta yi kwana arba'in tana tara ƙarfin zuciya, sannan ta tafi Lazare neman gidan da suke haya, da niyyar ta durƙusa ta gaya wa matar gaskiya. Ta tarar da ɗakin a kulle. Maƙwabta suka ce mijin ya saki Hadiyya ranar sadakar bakwai ya sa ta a mota, shi da yayarsa kuma sun bi hanyar Kwatano, babu wanda ya riƙe sunan ƙauyensu. A littafin asibiti ba a rubuta komai ba sai “Hadiyya, Dogondutse”, ƙasar Dogondutse kuwa ƙauyuka ne ba iyaka. Daga wannan rana ta ɗaura wa kanta alkawari guda, cewa ba za ta huta ba sai ta ga matar nan ido da ido ta gaya mata ba laifinta ba ne.

Aure da haihuwa

An ɗaura aurenta da Alhaji Abdulhakim Mahamadu, direban babbar mota a hanyar Yamai zuwa Maraɗi, ranar 10 ga Yuli, 1987. Kafin a ɗaura ta gaya masa labarin gado na tara dalla-dalla, ta ce in ya ga ba zai iya zama da mai irin wannan kaya ba, ya faɗa tun da wuri. Bai fasa ba. Maimakon haka, tun daga lokacin, duk sa'ad da ya tsaya a Dogondutse sai ya yi cigiya a tasha da wajen masu shayi, har abokan aikinsa suka riƙa yi masa tsiya cewa ko bazawara yake nema.

Allah ya ba su ɗa namiji a watan Mayu na 1988, ta roƙi mijin a sa masa Ƙasimu, ya yarda. Abin da ya ba Talaje mamaki shi ne ta riƙa kiran ɗan farinta da sunansa, da ƙarfi, har a ƙofar gida. Malama Yelwa ta kama baki ta ce, “Ke, ba ki da ta ido ne?” Matan unguwa suka riƙa zolayarta da cewa tana kiran ɗan fari kamar mai tallan kopto, kwaɗon zogalen nan. Ita kuwa sai ta ce su bar ta da abinta, akwai wadda take kira wa. Duk da haka ba a taɓa jin ta zagi al'adar ba, ba a kuma taɓa ganin ta tilasta wa wata uwa ta karya tata kunyar ba. Bayan Ƙasimu ta haifi Nafisa a 1991, Mansur a 1994, da Anisa a 1998.

Malama Yelwa ta rasu a watan Fabrairu na 1999 bayan jinyar wata uku, Tabawa ce ta yi jinyarta. Ana gobe za ta cika ta kama hannun ƴarta ta daɗe tana riƙe da shi, Tabawa ta kasa kunne tana jira, sai tsohuwar ta ce, “Allah ya yi miki albarka, ke.” Marigayiyar ta ce ta yi kukan rashin uwa, ta kuma yi kukan sunan da ba ta ji ba, amma a ranar ta ƙara tabbatar da irin son da ke ƙunshe cikin shirun nan, laifin da aka ɗora wa Hadiyya ya ƙara yi mata nauyi.

Zamanta majo

A shekarar 1994 aka naɗa ta majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin yara, sunan da ya bi ta har kabari. A makon farko ta sa mahaifinta ya ɗinka mata siraran ƙyallaye daga guntayen farin yadi, aka riƙa rubuta sunan kowane yaro a kai ana ɗaura masa a wuyan hannu tun daga ƙofa. Ta kafa doka cewa tambaya ta farko ga kowace uwa ita ce ko ɗan fari ne. In ta ce i, ko ta sunkuyar da kai, to ba a neman suna a bakinta, sai a bakin uba ko gwaggo ko kaka. Ta hana a tambayi kowa “shi ne wane?”, ta ce tambayar da shiru zai iya amsawa ba tambaya ba ce. Ta kuma wajabta cewa ba a ɗaura jini sai ma'aikata biyu sun tsaya a bakin gado, ɗaya ya karanta ƙyalle, ɗaya ya karanta leda. Wasu likitoci sun raina abin, suna kiransa layun Tabawa. Malam Yakuba ya ci gaba da ɗinka su kyauta har ya rasu a 2001, ba a kuma sake musanya jini a ɗakin ba har ta bar shi.

Kwamitin binciken haɗurra

A shekarar 2005 asibitin ya kafa kwamiti na dindindin domin binciken kurakuran da ke cutar da marasa lafiya, aka sa ta a ciki, daga baya ta shugabance shi shekara goma sha ɗaya. A zaman farko ta ɗaga hannu ta tambayi inda kujerar dangin mara lafiya take. Aka yi dariya, aka ce mata talaka ba zai gane maganar likitanci ba, kuma kiran dangi kiran ƙara ne a kotu. Ta ce mai jinya shi ke zaune da mara lafiya dare da rana, ma'aikaci kuwa leƙowa yake yi ya wuce, to wa ya fi ganin abin da ya faru? An yi shekara biyu ana wannan ja-in-ja kafin a sakar mata.

Tsarin da ta kafa ba shi da wuyar faɗa, sai dai wuyar yi. Ba a kiran dangi biro. Kwamiti ne yake zuwa gidansu bayan sadakar uku, ba da farar riga ba, a cire takalmi a zauna a tabarma, a yi ta'aziyya tukuna. Ana magana da harshen gidan. Ana jin wadda ta yi jinya ita kaɗai a cikin mata, domin ta lura cewa in mai gida yana wurin, shi ke amsawa alhali ba shi ya gani ba. Ba a fara tambaya da wa ya yi, sai da yaya aka yi. Su ma ma'aikata ana jin su ba tare da barazanar kora ba, domin ta san abin da tsoro yake sa mutum ya sa wa hannu. Ƙa'idarta ta ƙarshe, wadda ta fi tsanantawa a kai, ita ce ba a rufe dosiye, wato fayil ɗin bincike, sai an koma an karanta wa dangi abin da aka gano da abin da aka gyara, su kuma sun ce haka ne ko ba haka ba ne.

Ba kowane gida ne ya karɓe ta hannu biyu ba. Da yawa sukan ce ƙaddara ce, tonawa jayayya ce da hukuncin Ubangiji. Takan amsa da cewa ƙaddara gaskiya ce, ba ta zo dawo da wanda ya tafi ba, ta zo ne saboda yaron da zai kwanta a gadon gobe, kuma Allah ya ce tashi in taimake ka. A 2009, a wani gida a Lazare, wata mata ta gaya mata cewa sau uku ta faɗa wa ma'aikata wata allura tana kumbura mahaifinta, babu wanda ya rubuta. Daga wannan zama ne aka ƙara wa takardar kowane mara lafiya gurbi na musamman domin abin da mai jinya ya faɗa. Matar ta ce ba ta taɓa zaton za a tambaye ta ba, Tabawa ta koma gida ta kasa cin abinci.

Buɗe tsohon dosiye

Alhaji Abdulhakim ya rasu a watan Satumba na 2010, bayan shekara ashirin da uku yana cigiya bai dace ba. A 2011 Tabawa ta tashi a gaban kwamitin da take shugabanta ta nemi a buɗe dosiyen 1986, ta faɗi da bakinta cewa ita ta ɗaura jinin, ita kuma ta sa hannu a kan ƙarya. Hukumar asibiti ta ƙi. Wani babba ya ja ta gefe ya ce, “Majo, garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta.” Ta ce, “Ranka ya daɗe, ai ni za ta yanka, ba kai ba.” Ta sauke faralin Hajji a 2013, ta dawo ta sake nema, aka sake ƙi. Sai a 2015 aka amince, da sharaɗin ta sauka daga kujera na ɗan lokaci a ba wani ya jagoranci binciken, sharaɗin da ita ma ta ce shi ne daidai.

Sabon rahoton ya lissafa abin da tsohon ya ɓoye: yara biyu a gado ɗaya, takardu biyu a ƙarfe ɗaya, ma'aikata biyu a kan yara sittin da huɗu, babu mai karatu na biyu, ma'aikaciya ta yi tambayar da ba ta dace ba ta kuma ɗauki shiru a matsayin amsa, uwar yaron ta kai kuka sau biyu ba a saurare ta ba. Jimlarsa ta ƙarshe ta ce mahaifiyar yaron ba ta da laifi. Tabawa ta sa aka juya shi zuwa Hausa, da boko da ajami. Amma bisa ƙa'idar da ita kanta ta kafa, dosiyen ba ya rufuwa sai an karanta wa Hadiyya, saboda haka ya zauna a buɗe.

Cigiya

Tsakanin 2015 da 2022 ta je ƙasar Dogondutse sau bakwai, duk a cikin hutunta. Ta ga mata goma sha ɗaya masu suna Hadiyya, ta sha ruwan gidan kowace, babu wadda take nema a ciki. Sau uku ta ba da sanarwa a rediyoyin karkara, ana cewa ana cigiyar Hadiyya mahaifiyar Ƙasimu, wanda ya rasu a asibiti a Yamai a 1986, ta zo ko ta aiko. Shiru. Takardar tana cikin jakarta a naɗe a leda, har ta tsufa aka sake kwafe ta sau uku. Ƴaƴanta sun ce duk ranar 21 ga Agusta da azumi take wuni, kuma in ta bi ta tasha ta ga motar Dogondutse tana sauke mutane, sai ta tsaya tana duban fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya har motar ta zama wayam. Ta taɓa gaya wa Nafisa cewa ta fara manta fuskar matar, abin da ta riƙe kawai shi ne hannun da ya ja mayafi, wannan kuwa yana ba ta tsoro ƙwarai.

Ajiye aiki, jinya da rasuwa

Ta ajiye aiki a ƙarshen watan Maris na 2022, bayan shekara talatin da tara da rabi a bakin aiki. Ciwon ƙoda ya kama ta a shekarar da ta biyo. A watan Oktoba na 2024 aka kwantar da ita a asibitin da ta yi wa hidima, aka ɗaura mata suna a wuyan hannu, na roba yanzu ba na ƙyalle ba, ta kuma riƙa tsare ƙananan ma'aikata sai sun karanta shi da ƙarfi kafin su ba ta ko da ƙwaya ɗaya. Kwana biyu kafin ta rasu ta kira ɗanta Ƙasimu ta ba shi takardar, ta yi masa wasiyya ta ce, “In Allah ya sa an same ta, kada ka aika, kada ka buga waya. Ka je da ƙafarka, ka cire takalmi, ka zauna ƙasa da ita.”

Allah ya karɓi ranta ranar Laraba 6 ga Nuwamba, 2024, da hantsi, tana da shekara sittin da biyu, ba ta ga Hadiyya ba. An yi mata sutura a gidanta na Talaje, aka sallace ta bayan la'asar, aka binne ta a maƙabartar Yantala.

Isar da wasiyya

Ranar sadakar uku, a cikin mata, Nafisa ta ba da labarin abin da uwarsu ta mutu tana nema. Wata tsohuwa mai sayar da kopto a kasuwar Lazare, wadda ta zo gaisuwa domin Majo ta taɓa jinyar jikanta, ta ajiye ludayinta ta ce ta san matar, ƙauyensu yana maƙwabtaka da nata, ita ce wadda ake cewa ta kashe ɗanta da shiru. Abin da rediyo da tafiya bakwai suka kasa, a tabarma aka same shi, kwana uku da binne mai nema.

Ƙasimu ya isa ƙauyen, Garin Dambo a gabashin Matankari cikin ƙasar Dogondutse, ranar 17 ga Disamba. Ya tarar da Hadiyya da rai, ta kai shekara sittin, ta sake aure ta haifi biyar, amma maganar nan ba ta taɓa barin ta ba. Ya cire takalmi ya zauna ƙasa da ita ya karanta mata rahoton da Hausa. Da ya gama ta nemi ya sake karantawa a gaban liman da ƴan'uwanta, ya sake. Ta gyara abu ɗaya: ta ce ba sau biyu ta je ƙofar ba, sau uku ne, na ukun ba ta samu wanda ya ɗaga kai ba. Ya rubuta. Ya tambaye ta ko ba ta taɓa jin sanarwar rediyo ba, ta ce, “Na ji, har sau biyu. Amma cewa aka yi mahaifiyar wane ta fito, gari duka yana saurare. Kuma na zaci hukunci za a yi mini.” Kaico! Matar da ta koya wa asibiti guda kada a nemi uwa ta amsa sunan ɗan fari a gaban mutane, ita ce ɗokin nema ya sa ta sake yin haka a rediyo, ba ta kuwa sani ba har ta mutu.

Da zai tashi Hadiyya ta tambaye shi sunansa. Ya gaya mata, ya kuma gaya mata dalilin da ya sa aka sa masa shi, da yadda uwarsa take kiransa a ƙofar gida.  Sai Hadiyya ta maimaita sunan a hankali, sau ɗaya. Ƴan'uwanta sun ce ba su taɓa jin sa a bakinta ba, ko yaron yana raye ko bayan ransa. An rufe dosiyen ranar 6 ga Janairu, 2025, da gyaran da ta yi da kuma dangwalen yatsanta a ƙasa.

Zuri'a

Marigayiya Hajiya Ramlatu Yakuba ta rasu ta bar ƴaƴa huɗu da jikoki tara. Ƴaƴan su ne Ƙasimu, malamin lakkwal a Talaje, Nafisa, ungozoma, Mansur, direba a hanyar mahaifinsa, da Anisa, tela, wadda keken kakanta yake hannunta. Allah ya jiƙanta, ya yafe mata kuskuren ranar Alhamis da sa hannun ranar Litinin, ya haɗa ta da yaron gado na tara a gidan rahama, ya kuma sa a can Yelwa ta kira ta Ramlatu. Amin.